Tinmal: Ƙauyen kan dutse da ya haifi daula

A wannan fili muna kawo muku abin da muke gani a ƙasar Maroko, inda neman ilimi ya kawo mu. A makonnin baya mun yi ta zagayawa da ku cikin birane. A wannan mako kuwa za mu bar birni mu hau sama, zuwa wani ƙauye mai suna Tinmal, wanda ke da nisan kimanin kilomita 100 kudu da birnin Marakish, can cikin manyan duwatsun Atlas.

Ƙauye ne ɗan ƙarami, wanda mutum zai zagaye shi da ƙafa bai ko yi gumi ba. Amma shekara 900 da suka wuce, a cikinsa aka ƙulla tafiyar da ta kifar da masu mulkin Marakish, ta kafa daular da ta shimfiɗu tun daga Tarabulus ta ƙasar Libiya har zuwa kudancin Sifaniya. Duk wanda ya ji haka dole ya tambaya, ta yaya ƙauye zai yi wannan aiki? Amsar da muka samo tana cikin duwatsun da suka kewaye shi. Su ne suka ba Tinmal ƙarfi a jiya, kuma su ne suke wahalar da mutanenta a yau.

Yadda muka isa

Mu shida muka yi tafiyar, huɗu daga Najeriya, biyu daga Nijar, a farkon watan Fabrairu lokacin hutun tsakiyar shekara. Adadin ya yi mana daidai, domin manyan tasi da ke jigila tsakanin garuruwan Maroko mutum shida suke ɗauka, saboda haka muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar guda.

Daga Marakish zuwa garin Tahannawut fili ne shimfiɗaɗɗe, itatuwan zaitun dama da hagu. Daga nan ne hanya take fara hawa tana lanƙwasa. A Asni muka fara yada zango, kuma muka yi sa'a ranar Asabar ce, ranar da kasuwar garin ke ci. Mutanen ƙauyukan sama sun sauko da alfadarai da jakuna, an jibge tuffa da kayan miya, wanzamai da masu gyaran takalmi kowa ya kama wurinsa, kai ka ce kasuwar ƙauye ce a gida in ban da sanyi. Daga Asni ake hango Tubkal, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mai tsayin mita 4,167. Don ku kwatanta, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu kamarsa a Najeriya, mita 2,419 ne. Kan Tubkal fari fat yake da dusar ƙanƙara, kuma ranar muka fara ganinta kusa haka.

Bayan Asni sai Wirgan mai madatsar ruwa, daga nan hanya ta bi gefen Kogin Nafis ta shiga wani matsattsen kwari. Gefe ɗaya bangon dutse ne a tsaye, ɗaya gefen kuwa rami ne mai zurfi, kogin yana gudu a ƙasa. Ana aikin faɗaɗa hanyar, don haka sau da yawa sai mun tsaya manyan motoci sun kwashe duwatsun da aka fasa. Tafiyar da a fili ba za ta wuce awa ɗaya da rabi ba, sai da ta cinye mana fiye da awa uku.

Da muka wuce Ijukak muka shiga Talat n'Yakub, hira ta mutu a cikin motar. Wannan gari yana cikin waɗanda girgizar ƙasa ta 2023 ta fi yi wa ɓarna, kuma har lokacin da muka je ana ganin tantuna da ɗakunan kwantena a gefen hanya, ga tarin ɓaraguzai, ga sabbin gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Gaba kaɗan direba ya nuna mana tsallaken kogi, inda muka hango wani tudu da 'yan gidaje masu launin jar ƙasa a jikinsa, da wani babban gini da aka kewaye da ƙarafan aiki. Ya ce mana ga Tinmal nan.

Malamin da ya fake a dutse

Mutanen waɗannan duwatsu Amazig ne, waɗanda littattafan Larabci ke kira Barbar, kuma harshensu na Tashalhit ɗan'uwan harshen Abzinawa ne. A cikinsu aka haifi Muhammadu Ibnu Tumart wajen shekarar 1080, a yankin Sus da ke bayan duwatsun ta kudu. Ya tafi gabas neman ilimi, ya dawo yana wa'azi mai zafi a kan tauhidi, yana sukar masu mulkin zamanin, wato Murabiɗun, waɗanda asalinsu mutanen Sahara ne masu naɗa rawani su rufe fuska. Da ya iso Marakish ya yi muƙabala da malaman fada a gaban Sarki Ali ɗan Yusuf, zaman birnin ya gagare shi, ya koma yankinsu. A 1121 ya yi da'awar cewa shi ne Mahadi, sannan wajen 1124 ya tattara mabiyansa ya tare a Tinmal.

Ya san abin da ya gani a wurin. Ƙarfin Murabiɗun yana ga dawaki da raƙuma, su kuwa fili suke so. Tinmal tana cikin kwari mai ruwa da ƙasar noma, kuma ba a isa gare ta sai ta wasu siraran hanyoyi a gefen dutse, waɗanda marubutan wancan zamani suka ce mutane ƙalilan sun isa su tare su. Mu da muka biyo kwalta a cikin mota muna ta salati a kowace kwana, ba ma buƙatar a yi mana fashin baƙin wannan magana. Da Murabiɗun suka ga shiga ta gagara, sai suka koma gina sansanoni a gindin duwatsun don hana mutanen sama saukowa.

A cikin wannan mafaka Ibnu Tumart ya mayar da ƙauyen makaranta da barikin soja a lokaci guda. Ya koyar da aƙida da harshen mutanen wurin yadda manomi da makiyayi za su iya haddacewa, kamar dai yadda malaman ƙasar Hausa suka riƙa yi da waƙoƙin ajami. Ya kafa majalisar mutum 10 ta makusantansa, da wata ta mutum 50 da ta haɗa shugabannin ƙabilu, har ƙabilun da a da ba sa ga-maciji da juna suka zama runduna ɗaya. Mabiyansa suka kira kansu Muwahhidun, wato masu kaɗaita Allah.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna amfanin dutsen. A 1130 suka sauko fili suka yi wa Marakish ƙawanya, aka yi musu mummunan kaye a yaƙin Buhaira. Bayan 'yan watanni Ibnu Tumart ya rasu, aka binne shi a Tinmal. Almajirinsa Abdulmumini, wanda ya gaje shi, ya ɗauki darasi. Maimakon ya sake tunkarar birnin kai-tsaye, sai ya shafe shekaru yana bin kan duwatsu zuwa arewa da gabas, yana janyo ƙabilu, yana kauce wa fili, har ya ci Tilimsan da Fas, sannan ya dawo ya ci Marakish a 1147. Daular da ya kafa ita ce ta gina Masallacin Kutubiyya a Marakish, da hasumiyar Hassan a Rabat, da hasumiyar Jiralda a birnin Ishbiliya na Sifaniya. A fadarta manyan masana irin su Ibnu Ɗufail da Ibnu Rushdi suka yi aiki.

Sai dai tarihin ba zuma zalla ba ne. Malamai da yawa sun ƙi da'awar Mahadin tun a lokacin, kuma littattafan tarihi sun ruwaito wani tankaɗe da rairaya da aka yi a cikin ƙabilun gab da yaƙin Buhaira, inda aka kashe waɗanda ake zargin biyayyarsu ba ta cika ba. Rufaffen wuri yana kare mutane daga abokan gaba, yana kuma hana wanda aka zalunta a ciki samun hanyar gudu. Cikin malaman da suka ja da Muwahhidun akwai wanda duk ɗan makarantar ilimi a ƙasar Hausa ya san sunansa, wato Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi. Ya jagoranci mutanen garinsu Sabta suka yi turjiya, aka raba shi da garin, ya rasu a Marakish a 1149. Shi kuma Alfazazi, mai Ishiriniya, a ƙarƙashin mulkinsu ya rayu, ya rasu a 1230. Ashe labarin wannan ƙauye ya daɗe da shigowa zaurukanmu.

Da daular ta tsufa, Banu Marin suka ƙwace Marakish a 1269, ragowar Muwahhidun suka gudo suka fake a Tinmal, inda aka murƙushe su bayan 'yan shekaru. Daga nan Tinmal ta koma abin da take tun farko, ƙauyen manoma.

Masallacin

Abin da ya rage na wancan zamani shi ne masallacin da Abdulmumini ya gina a shekarun farko bayan cin Marakish, don girmama malaminsa. Shi ma da ya rasu a 1163, Tinmal aka kawo shi aka binne. Ginin kusan murabba'i ne, kowane gefe ya kai mita 40 ko ya ɗara. Katangunsa na ƙasa ne da ake zubawa tsakanin alluna a daddaɓe har ta yi tauri, ginshiƙai da bakan-gizon cikinsa kuwa na jan bulo ne, an yi musu ado da farar filasta. Yana da wani abu da ba a cika gani ba, domin hasumiyarsa a kan mihirabi take zaune. A gefen mihirabin akwai ƙofofi biyu, ɗaya ta shigowar liman, ɗaya ta ɗakin da ake ajiye mumbari. Masana gine-gine suna zuwa daga nesa su yi nazarinsa, kuma tun 1995 Maroko ta sa shi cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Mafi yawan abin da muka lissafa muku a hotuna muka gan shi. Ana dab da kammala wani aikin gyara ne girgizar ta zo, ta rushe hasumiyar da bakan-gizon da wani ɓangare na katangu. Mun tarar an killace wurin, an tokare abin da ya rage da ƙarafa da katako. Daga inda aka yarda mu tsaya mun ga ma'aikata suna tsince tsoffin bulo daga ɓaraguzai suna jerawa gefe, gutsattsarin adon kuma ana ware su ɗaya bayan ɗaya don a mayar da kowanne mazauninsa. Aiki ne na haƙuri, irin na mai tsince tsakuwa daga shinkafa.

Rayuwa a jikin dutse

Bayan azahar muka bi wata hanyar alfadarai da ta haura ta bayan ƙauyen. Ba mu yi rabin awa ba numfashi ya fara yi mana wuya, sai ga wata tsohuwa da ɗaurin itace a bayanta ta wuce mu tana yi mana sannu. Daga sama ne muka ga yadda kwarin yake. Wani siririn kore ne ya bi gefen kogi, daga shi sai jan dutse tsirara har inda ido ya tsaya. Duk rayuwar mutanen a cikin wannan ɗan koren take.

Da yake fili ya yi ƙaranci, gonakin hawa-hawa suke kamar matakala, kowace an tare ta da katangar duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasar. Wata gonar ba ta fi faɗin ɗaki ba. Suna shuka sha'ir da masara da kayan lambu, ga zaitun, ga itacen lauz, wanda a lokacin ya yi fure fari da ruwan hoda. Ruwan ban-ruwa daga dusar ƙanƙarar da ke narkewa a sama yake zuwa, ana janyo shi ta ƙananan magudanai da aka haƙa a gefen dutse, kowane gida da ranarsa da sa'o'insa, dattawan gari suna sa ido. Idan ƙanƙara ba ta sauka sosai da hunturu ba, rani zai zo musu da wahala, kuma Maroko ta shafe shekaru a jere tana fama da fari.

Gyaran magudanai da katangun gona ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka suna da al'adar taruwa a yi wa juna aiki, wadda suke kira tiwizi. Da aka yi mana bayaninta muka kalli juna muka ce ai gayya ce. Haka kuma da muka ji suna kiran ruwa aman, abokinmu ɗan Agadas ya yi dariya, domin haka Abzinawa ma suke kiransa.

Da muka sauko, wani dattijo ya hana mu wucewa sai mun sha shayi. A ɗakin wucin-gadi yake zaune da iyalinsa, a gefen sabon ginin da yake tayarwa. Aka kawo gurasa mai zafi da man zaitun da shayi mai na'a-na'a. Muna ce masa Baba, yana ce mana 'ya'yana, jikansa yana yi mana tafinta da Larabci. Ya shaida mana cewa yawancin samarin kwarin suna can Marakish da Agadir da Kasablanka suna aiki, suna aiko da abin da ya samu, domin gonar matakala ba ta iya riƙe babban gida.

Daren da ƙasa ta motsa

Ranar Juma'a 8 ga Satumba, 2023, da ƙarfe 11:11 na dare, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa wannan yanki. Cibiyarta tana cikin waɗannan duwatsu, a Lardin Alhawuz inda Tinmal take. Kusan mutum 3,000 suka rasu, fiye da 5,000 suka ji rauni, dubun dubatar gidaje suka rushe ko suka tsage.

Ga masu karatun labarin ƙasa, dalilin a bayyane yake. Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne, manyan faya-fayai ne da ke motsi a hankali. Faifan Afirka yana matsar na Turai da Asiya da 'yan milimitoci a shekara, kuma wannan matsi ne ya tattare ƙasa ta yi tozo, kamar tabarmar da aka turo daga gefe biyu. Ƙarfin da ya ɗaga duwatsun Atlas tun fil'azal, shi ne ya motsa a wannan dare.

Duwatsu suka gangaro suka toshe hanya a wurare da dama. A sa'o'in farko, waɗanda su ne suka fi muhimmanci wajen ceton rai, mutanen ƙauyuka da hannuwansu da fatanyu suka riƙa tono 'yan'uwansu. Wasu wuraren sai da jirage masu saukar ungulu da alfadarai aka kai musu ɗauki. Matsin hanyar da ya hana dawakin Murabiɗun shigowa, shi ya hana motar asibiti shigowa.

Gwamnati ta sanar da shirin dirhami biliyan 120 na shekara biyar don sake gina yankin, da tallafin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe baki ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace, da 2,500 a kowane wata na tsawon shekara. Baba ya ce kuɗi a kan dutse ba su da auki kamar a birni, saboda kowane buhun siminti da kowane rodi sai an biya masa kuɗin hawa, ga magina sun yi ƙaranci tunda kowa gini yake yi. Akwai kuma muhawarar da ba ta ƙare ba tsakanin ginin ƙasa da na siminti. Na ƙasa yana riƙe ɗumi da hunturu, ya yi sanyi da bazara, amma rufinsa mai nauyi ya danne mutane da yawa. Na siminti kuwa, in an ɗaure shi da rodi yadda ya kamata, ya fi jure girgiza, sai dai da sanyi kamar a cikin randa mutum yake kwana.

Sunan da ke ƙofar makaranta

A hanyarmu ta zuwa masauki a Ijukak, abokin nan namu ɗan Agadas ya roƙi direba ya tsaya a gaban wata makaranta. Allon ƙofarta yana ɗauke da Larabci da kuma Tifinag, rubutun Amazig, wanda ake gani a allunan ma'aikatun gwamnati tun bayan da tsarin mulkin 2011 ya mayar da harshen Amazig harshen hukuma tare da Larabci. Abzinawa ma da Tifinag suke rubutu, don haka ya iya harhaɗa baƙaƙen kalmar farko. Abin da ya fito shi ne tinmal. A daidaitaccen harshen Amazig da ake koyarwa a yau, da wannan kalma ake kiran makaranta. Sunan wannan ɗan ƙauye yana manne a ƙofar makarantu a faɗin ƙasar.

Duk da haka, yaron da aka haifa a ƙauyukan wannan kwari karatu ba ya zo masa da sauƙi. Firamare takan samu a kusa. Daga nan sai ya sauka manyan garuruwa irin su Talat n'Yakub ko Asni, kuma nisa da hawa da ƙanƙara ba sa barin a yi jeka-ka-dawo daga ƙauyukan sama. Shi ya sa ake da gidajen kwanan ɗalibai, Darul Ɗalib na maza da Darul Ɗaliba na mata. Inda babu gurbi a irin waɗannan gidaje, yawanci karatun yarinya ne ke fara tsayawa. Girgizar ta lalata ɗaruruwan makarantu da gidajen kwana da dama, har aka kwashi dubban ɗalibai zuwa Marakish su ci gaba da karatu nesa da iyayensu, wasunsu ba su ma gama jimamin waɗanda suka rasa ba. Ga kuma matsalar harshe da mu ma muka sani a gida, yaro ya tashi da Tashalhit, a aji a koya masa da Larabci, darussan kimiyya kuma su zo masa da Faransanci.

Jikan Baba da ya yi mana tafinta, ɗan shekara 14, yana cikin waɗanda aka kai Marakish a shekarar girgizar. Muka tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki a birni, muna zaton zai ce manyan gine-gine. Ya ce mamakinsa shi ne mutum ya fito daga gida ya isa aji cikin minti 10, kuma duk da haka ya makara. Wannan mun bar wa masu makara a cikinku su yi tunani a kai.

Daga kan Tizi n'Test

Washegari muka ƙarasa hawa zuwa Tizi n'Test, mashigar da ke da tsayin kimanin mita 2,100, wadda daga ita hanya take gangarawa kudu. Tizi a harshensu shi ne mashiga tsakanin duwatsu. Faransawa ne suka fasa hanyar mota a nan tsakanin 1926 da 1932. Iska tana kaɗawa kamar za ta ture mutum, ruwan da ya kwanta a gefen hanya ya daskare. A ƙasa can sai ga filin Sus a shimfiɗe, yankin da Ibnu Tumart ya fito.

A nan muka fahimci cewa a zamanin da Tinmal ba lungu ba ce. Tana kan hanyar da ta haɗa Sus da Marakish, wanda ya riƙe kwarin ya riƙe ƙofa. A yau yawancin motoci ta babbar hanyar Marakish zuwa Agadir suke bi, wadda aka buɗe a 2010, ta kewaye waɗannan wurare ta yamma. Duwatsun ba su matsa ko'ina ba, zirga-zirga ce ta canza hanya ta bar kwarin a gefe.

A wata rumfar shayi da ke mashigar gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu suka ce bai dace a riƙa jera tsoffin bulo ba alhali mutane suna kwana a tanti. Wasu suka ce in aka bar masallacin ya narke da ruwan sama, babu kuɗin da zai dawo da shi, kuma shi ne ke kawo baƙin da ke sayen man zaitun da lauz a ƙauyen. Mutanen da muka zanta da su a Tinmal ba su raba biyun ba, suna son gidajensu, suna son masallacinsu. Inda muka tsaya shi ne, gyaran ginin tarihi yana da ma'ana ne idan hanya da makaranta da asibiti sun zo tare da shi. Masallacin ya kai shekara fiye da 800 ne saboda akwai mutane a gefensa. Ranar da gida na ƙarshe ya kwashe kayansa ya koma birni, abin da zai rage kufai ne, komai kyan gyaran da aka yi masa.

Ga masu shirin yawon buɗe ido

Mun san makarantu da yawa suna kai ɗalibai ziyara, ko Dala a Kano, ko Kufena a Zariya, ko wasu tsoffin garuruwan kan dutse irin su Sukur a Adamawa, wanda UNESCO ta amince da shi tun 1999. In kun samu irin wannan dama, ku tafi da littafi da biro, ku kuma tafi da tambayoyi biyu. Me ya sa mutanen farko suka zaɓi zama a nan? Kuma me zaman nan yake jawo wa mutanen yanzu wajen ruwa da hanya da karatu? Ta farko malamin tarihi zai amsa muku. Ta biyu kuwa sai kun gaida dattawan wurin kun zauna kun saurara. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko gidansa, musamman wanda ke cikin jarrabawa, kuma ɗan abin da za ku kashe ku kashe shi a hannun mutanen garin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan girgiza, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.